Kalmar da Yaya Ta Aro

Ni dai Allah Ya yi ni da son gyara. In mutum ya yi magana ta karkace, bakina ƙaiƙayi yake yi sai na miƙe ta. Ko allon shago na hango an rubuta shi ba daidai ba, sai na ce wa mai keke ya ɗan tsaya, in leƙa in gaya wa mai shagon. Mijina ya gaji da ba mutane haƙuri a kaina, yanzu in muka fita tare sai ya zauna a ɓangaren da allunan suke don ya tare mini gani. 'Yan matan makarantar da nake koyar da Turanci a Birnin Kebbi kuwa sun sa mini suna Jan Biro a bayan idona. Sun ɗauka ban sani ba. Na sani sarai, kuma ban ji haushi ba, don biron nawa ja ne, kuma ba ya hutawa.

Tun da na fara koyarwa tsarina ɗaya ne. Kowace Litinin kalma guda nake ɗorawa a saman allo, in ja layi biyu in raba allon gida uku. Gidan farko na ma'ana, na biyu na kishiyar kalmar, na uku na jimla. Ba na sakin kalma sai ta kwana a gidajen nan uku, ko da zai kai mu Juma'a. Yarinyar da ta san ma'ana ba ta san kishiya ba, rabin kalma ta riƙe. Wadda ta san duka biyun ta kasa sa ta a jimla kuwa, ajiya kawai aka ba ta.

Wata Litinin, lokacin da albasa ta cika gari har ƙamshinta na biyo mu cikin aji, na rubuta wa 'yan aji huɗu kalmar proud.

Rigimar farko a kan furuci ce. Mu mutanen Kabi harafin farko na kalmar nan ba ya zama a leɓenmu, da mun buɗe baki sai ya sulale ya koma hu. Ni kaina sai da na sha dariya a kwaleji kafin na kama shi, shi ya sa ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Na ce kowace ta yago takarda ta riƙe a gaban bakinta, ta yi ta faɗa har iskar bakin ta kaɗa takardar. Aji ya kaure, kowa na tofa wa takarda yawu. Sai da na bi su layi-layi na tabbatar kowace takarda ta motsa, sannan muka shiga gidan farko.

Na ce musu kalmar nan fuska uku gare ta. Akwai girman kai, irin na wadda ta je Abuja sati biyu ta dawo tana tambaya da me ake dama fura. Akwai riƙe mutunci, irin na dattijon da zai wuni bai ci ba amma ba zai miƙa wa kowa hannu ba. Sannan akwai alfahari, wato ka ga naka ya yi abin kirki ka ji ƙirjinka ya cika, ka so kowa ya san naka ne. A gidan kishiya na rubuta musu biyu. Humble, mai ƙanƙan da kai, ita ke tsaye gaban girman kai. Ashamed kuma ita ke tsaye gaban alfahari, wato naka ya yi abin da kake so ƙasa ta tsage ka shige. Suka kwafe tsaf.

Da muka zo gidan jimla, wata yarinya ta riga kowa ɗaga hannu. Iyayenta mutanen kudu ne, ubanta na sayar da kayan gyaran babur, amma a nan aka haife ta, kuma in tana zuba Kabanci sai ka rantse kakanta masunci ne. Ta miƙe ta ce, da Turancinta mai kyau, mahaifiyarta na alfahari da ita. Na ce madalla. Ba ta zauna ba, ta ƙara da Hausa: "Malama, kullum sai ta hwaɗi. Jiya ma da na wanke tukunya tac ce haka."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuma a nan ne shaiɗan ya raɗa mini dabara, na ɗauka basira ce. Na ce aikin gida na wannan mako mai sauƙi ne. Kowace ta je ta tambayi mahaifiyarta abu ɗaya da take alfahari da ita a kansa, a faɗa mata da Hausa, ita kuma ta mayar da shi Turanci ta kawo ranar Laraba. Na fita daga ajin ina jin kaina, har na ba wata malama labari a ofis na ce ta ara in tana so.

Ranar Laraba aka fara karantowa, abin gwanin daɗi. Wata an ce da ita ta iya tuwon shinkafa ba gudaji. Wata an ce ba ta taɓa kai ƙarar ƙannenta ba, ta dake su da kanta. Wata uwarta ta ce tana alfahari da ita don ta fi ubanta hankali, ta kuma gargaɗe ta kada ta rubuta, ita kuwa ta rubuta. Muka sha dariya har malamin ajin kusa ya leƙo.

Sai na lura akwai waɗanda suka sunkuyar da kai. Na ƙirga su, su bakwai. Na ɗaure fuska na ce su miƙe, ina littattafansu? Suka buɗe, fari fat. Na fara zazzaga musu masifa irin tawa, na ce lalaci ne, tambaya ɗaya ta gagare su. Ɗaya ta ce ita fa ta tambaya, ludayi aka jefo mata. Ɗaya ta ce uwarta ta tashi ta bar mata ɗakin. Wata ta ce an ce da ita in ta sake irin wannan zancen za a zo makarantar a ga malamar da ke koya wa yara rashin ta ido.

Ta ƙarshensu ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin. 'Yar manoman albasa ce daga Augie, tana zaune wurin gwaggonta a Gwadangaji, layi biyu tsakaninmu. Yarinya ce marar hayaniya, rubutunta kamar an buga da inji. Ta ce ta ari wayar gwaggonta ta kira gida. Da ta yi tambayar, sai uwar ta ce a ba gwaggo waya, suka shiga zancen akuyar da ta haihu.

Na ce, "To me ya sa?"

Ta ce, "Malama, ni ta hwari ce."

Na dubi sauran shidan. Kowace ta gyaɗa kai. Duk 'ya'yan fari ne.

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa. Wa bai san wannan ba a ƙasarmu? Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi sosai. Kunya ce, kuma abin yabo ce ga mace. Kowa ya sani, balle ni, da nake 'yar fari da kaina. Na tura yara bakwai su je su ƙwanƙwasa ƙofar da na fi kowa sanin ba a buɗe ta.

Ban gama jin kunyar kaina ba yarinyar Augie ta ɗago ta nuna allo, inda gidajen nan uku suke tun Litinin. Ta ce, "Malama, wadda ba a hwaɗa mata ba, gida na biyu anka sa ta ke nan?" Ba da wasa ta yi tambayar ba, idonta ya kawo ruwa.

Da ina da hankali da na zaunar da ita na yi mata bayani a hankali. Amma ni bakina ya fi hankalina sauri. Na bugi tebur na ce sam, ba haka ba ne, kowace uwa na alfahari da ɗanta na fari, tambayar ce ba su iya ba. Na ce ni ma ta fari ce, kuma aikin nan ni ma zan yi shi. Ranar Asabar zan tafi Argungu wurin tawa uwar, ranar Litinin in kawo musu jimlata daga bakinta. Aji ya ɗauki tafi. Ina fita na jingina da bango na ce, ke kam kin kashe kanki.

Bari in gaya muku wace ce uwata. Yaya nake ce mata. Da aka yaye ni, kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ni, na tashi a cikin ƙannen uwata. Su suna ce mata Yaya don ita ce babbarsu, ni ma na bi bakinsu, har yau ban sauya ba. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. In ina kusa, "ke". In da mutane, "ɗiyar Inna", sai ka ce a hanya ta tsince ni. Sana'arta bandar kifi, tun kafin a haife ni take yi, kuma duk Argungu an san hannunta.

Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauka haka. Ƙannena tana yabonsu har abin ya ishi mutum. Autanmu in ya yi atishawa sai ta ce ba wanda ya iya atishawa irinsa. Ni kuwa ranar da na zo na ɗaya a firamare na sheƙo da takarda, ta ce in kauce ina tare mata iska. Ranar da na gama kwaleji ta aiko da kwandon kifi a raba wa malamai, ita ba ta zo ba. Ranar da na sami aiki na je na durƙusa na gaya mata, ta ce "To," ta tambaye ni ko na rufe ƙofar zaure, awaki na shigowa. Inna ce ke rungume ni ta yi guɗa, ta zagaya maƙwabta da takarduna. Inna ta rasu shekara tara ke nan. Na san al'ada ce, na sha kare ta a gaban baƙi. Amma ga ni da shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya uku, abin bai daina ci mini rai ba. Ina so in ji daga bakinta, ko sau ɗaya.

Ranar Asabar da sassafe na hau keke daga Gwadangaji zuwa tasha, na shiga motar Argungu. Duk hanya ina kallon fadama ina tsara yadda zan ɓullo mata, kamar mai shirin darasi. Na tanadi dabara uku.

Na same ta inda na san zan same ta, a bayan gida gaban murhun banda, ta jera tarwaɗa a kan waya tana juya su da ɗan sandanta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kifi. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta tambayi maigidana, ta tambayi maƙwabciyata mai ciwon ƙafa, ta tambayi kajina. Ni da na zo, ba a tambayi lafiyata ba. Haka muke gaisawa tun ina yarinya.

Dabara ta farko ita ce ladabi. Na ɗaura zane na kama aiki, na wanke kifi, na lanƙwasa su na soke, na iza itace. Da rana ta yi muka zauna cin tuwo da miyar sure, na ga ta sake, sai na sako zancen a hankali. Na ba ta labarin kalmar, da aikin gidan, da alkawarin da na yi.

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. Ta ce, "Ɗiyar Inna, boko ya taɓa maki kai?"

Na ce abu ɗaya kawai za ta faɗa, ko ƙarami ne.

Ta ce, "Miyar ga gishiri ya yi mata kaɗan." Ta tashi ɗauko gishiri, ba ta dawo ba sai da na gama ci.

Dabara ta biyu ita ce zagaye. Na bi ta wurin murhu na ce to mu bar zancena. A ce wata mata ce can, tana da ɗiya malama a Birnin Kebbi, shekara ashirin tana koyar da 'ya'yan mutane, me matar nan za ta ce game da ɗiyarta? Yaya ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Ta ce ai ƙanwata da ke aure a Augie ta iya tarbiyya, yaranta ko baƙo sun gani sai sun durƙusa. Ta yi ta yabon ƙanwata har kifin layin ya ƙare.

Dabara ta uku ban ma kai gare ta ba, zuciya ta riga ni. Na miƙe na ce shi ke nan, na gane. Na ce ƙila dai da gaske Inna ce ta haife ni, a daina ɓoye mini. Na ce ko kajina sun fi ni daraja a gidan nan, su ana tambayar lafiyarsu. Maganar na fita na so in kamo ta, amma ta riga ta fita. Sandan hannun Yaya ya tsaya, ta daɗe ba ta juya kifi ba har na ji ƙauri.

Ana cikin haka sai ga sallamar Iya. Iya Bayarabiya ce, a Birnin Kebbi take zaune, kuma duk Asabar sai ta zo ɗaukar kifi wurin Yaya tun ina goye. Ciniki ya zama aminci, har ta kai in an yi haihuwa a gidanmu ita ke fara zuwa da turmin atamfa. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi dariya sai kajin maƙwabta sun watse. Tana shigowa ta dube ni, ta dubi Yaya, ta shaƙi ƙaurin kifi, ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ba ta labari ina huci. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kwashe da dariya har tana riƙe bango. Ta ce, "Ke da iliminki duka, kin zo ki sa ƙawata ta yi abin da ko da wuƙa ba ta yi? Ni shekara talatin ina hwaɗa da ita kan wanga abu. Ni nawa na hwari, a tsakiyar kasuwa nike kiran sunanshi in ce ku zo ku ga ɗana. Ita ko, ko a gabana ba ta taɓa kiran sunanki ba."

Na ce to ai ga shi, Iya ma ta faɗa da bakinta.

Ta ce, "Tsaya, ban ƙare ba. Kin san aiken da take ba ni duk Asabar in zan koma? Sai ta ce, in kin bi ta wajen makarantar nan ki duba min ko tana nan tsaye. Makaranta! Ina za ta? Ƙahwa gare ta? Ni ko sai in biya in tambayi mai gadi, in dawo in ce makaranta lahiya lau, ta yi ƙiba ma."

Yaya ta ce, "Iya, kin cika surutu," ta shige ɗaki.

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Amma taurin kai bai bar ni ba. Na ce wa Iya wannan ba jimla ba ce. Na yi wa yara alkawarin magana daga bakinta, ba daga bakin mai gadi ba. Iya ta harare ni ta ce halina da na ƙawarta ba su da maraba, shi ya sa ba ma shiri. Ta tambaye ni wace kalma ce ma ta jawo wannan bala'i. Na faɗa mata. Ta ce, "Af, wannan ce?" Ta ɗauki kwandunanta ta bi Yaya ɗaki, wai za su ware kifi.

Warewar kifin nan ta daɗe fiye da kullum. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ina jiyo muryar Iya ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa sanin ta iya ba. Can sai in ji Yaya ta ce, "A'a, bar ni!" sai Iya ta tuntsire da dariya. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka ni suke yi wa. Da la'asar Iya ta fito aka ɗora mata kaya a babur, ta ja kumatuna kamar wata yarinya ta tafi.

Na kwana da nauyin maganar da na yaɓa wa Yaya. Da safe na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komi," ta miƙo mini kunu. Ban sake tayar da zancen ba. Na riga na haƙura, ina ta tunanin abin da zan ce wa yarinyar Augie gobe. Ƙarya dai ba zan yi mata ba. Zan tsaya a gaban aji in ce Jan Biro ta faɗi aikin gidan da ta bayar da kanta.

Da hantsi na haɗa jakata. Yaya na gaban murhu ta ba ni baya. A bakin ƙofa ga ƙullin kifi an ɗaure, ta ce na yara ne, ba ta ce nawa ba. Na ɗauka, na yi mata sallama, na juya.

"Ke."

Na tsaya. Ba ta juyo ba, da kifin take magana.

Ta ce, "Ni ma ta hwari ce ga Inna. Kin taɓa jin ta kira sunana?"

Shekara nawa na yi a ɗakin Inna, ban taɓa ji ba, kuma ban taɓa lura ba. Duk guɗar da Inna ta yi a kaina, da zagaya maƙwabta da takarduna, ban taɓa tambayar kaina ko ta taɓa yi wa tata ɗiyar ba. Ashe Yaya na tsaye a gefe tana kallo ana yi mini abin da ita ba a yi mata ba, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ta ce, "Da Hausa ba ni iyawa. Bakina ba shi ɗauka. Amma Iya ta ce wanga yare naku babu ruwanshi da kunyarmu, masu shi ba su san ɗan hwari ba." Ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya kamar mai shirin kiran wani daga nesa. Ta ɗaga sandan juya kifi ta nuno ni da shi ta bayan kafaɗarta.

"Huraudu."

Ta ɗan jira, kamar tana auna ko ta fito daidai. Sai ta sake, da ƙarfi wannan karon: "Huraudu. Ƙwarai."

Jama'a, ku ji halin malanta. Abu na farko da ya zo mini shi ne harafin farko ya sulale, an kuma ƙara wasali a ƙarshe. Harshena har ya ɗaga. Shekara ashirin ban taɓa barin wannan kuskure ya wuce ni ba, ko daga bakin shugabar makaranta. Na cije leɓena na haɗiye gyaran, sai kuka ya biyo bayansa, irin mai sauti, ni da girmana da ƙullin kifi a hannu.

Yaya ta ce, "Kauce daga nan, hayaƙi na shiga maki ido." Har yanzu ba ta juyo ba, amma na ga ta kai gefen mayafinta fuska. Ta ce in yi sauri kada motar hantsi ta cika, kuma in gai da kaji.

Ranar Litinin ban taɓa samun ajin nan shiru haka ba. Ko gaisuwa a gaggauce suka yi. Na ajiye jaka, na goge allo, na ja layukana biyu kamar kullum. Na ba su labari tun daga miyar da gishiri ya yi wa kaɗan har zuwa makarantar da ta yi ƙiba, suna ta dariya. Ban rage komai ba, har maganar banzan da na yi da haƙurin da na bayar. Da na zo ƙarshe na juya musu baya, na ɗaga abin goge allo ta bayan kafaɗata, na faɗe ta yadda Yaya ta faɗe ta.

Aji ya ɗauki ihu. "Malama, takarda! Takarda ba ta motsa ba!" 'Yar mai kayan babur har ta yago takarda ta kawo mini. Na ce ta koma ta zauna. Na ce a jarrabawa, duk wadda ta rubuta mini haka sai na cire mata maki, kuma ba da wasa nake ba. Amma wannan ba ta jarrabawa ba ce.

Yarinyar Augie ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yaya aka rubuta ta?"

Na ce ai tana cikin littafinta tun makon jiya.

Ta ce, "Ba waccan ba. Ta Yaya."

Na ɗauki alli na rubuta mata a gida na uku, harafi bakwai, yadda ta fito daga bakin mai ita. Ta kwafe a hankali da rubutun nan nata mai kyau. Ta ce hutu ya kusa, in ta koma Augie za ta gwada. Ta ce, "Waccan ta yi wa innata nauyi. Irin wagga tana iya hwaɗi."

Ranar Juma'a aka tara mini littattafai na kai gida. Da na zo kan nata, ga kalmar nan a tsakiyar shafi ita kaɗai, ta ja mata layi a ƙasa da rula. Babu ƙamus ɗin da za a same ta a ciki. Na cire murfin jan biro, na daɗe ina kallonta, sannan na yi mata alamar daidai.